Shin da gaske Turai barci take yi har sai da Italiya ta tashe ta?

Ɗan'uwa, ka ce ka sha jin cewa Turai ta yi shekara dubu cikin duhun jahilci, sannan tsakanin ƙarni na 14 da na 16 ta farfaɗo, a zamanin da littattafan tarihi ke kira Renaissance. Kana son sanin mene ne ya farfaɗo, me ya sa aka fara a Italiya, kuma wa ke da gaskiya tsakanin masu cewa daga hannun Musulmi aka karɓi ilimin da masu cewa malaman Girka da suka yi hijira bayan faɗuwar Kustantiniyya (Istanbul ta yau) a hannun Turkawa a 1453 su suka kawo shi. Kowane ɓangare yana riƙe da wani yanki na gaskiya, amma a ganina dukansu sun tsallake babban abin. Abin da ya sauya a Italiya shi ne yadda ake karatu. Mutane suka daina gamsuwa da sharhi da taƙaitawa, suka ce sai sun ga asalin littafin da harshen da aka rubuta shi, kuma suka sami attajiran da za su ɗauki nauyin wannan nema.

Batun duhu, su mutanen farfaɗowar ne suka laƙaba wa magabatansu shi. Francesco Petrarca, wanda ya rayu daga 1304 zuwa 1374, shi ya yawaita faɗin cewa tun rushewar daular Rum duniya ke cikin duhu, domin yana auna kowane zamani da ingancin Latin ɗin da ake rubutawa a cikinsa. Wannan ma'auni ne mai ƙunci ƙwarai. A cikin waɗannan ƙarnonin aka kafa jami'o'in Bologna da Faris da Oxford, aka gina manyan majami'un da har yau injiniyoyi ke zuwa kallo. Yawancin littattafan Latin na dā ma da suka iso gare mu, sufayen Kirista ne suka kwafe su da hannu a gidajen ibadarsu, musamman a ƙarni na 9, zamanin sarki Charlemagne da magadansa. Ba don su ba, da babu abin da za a tono daga baya.

Hanyar Larabci kuwa gaskiya ce, ba alfahari ba ne. A Bagadaza ta Abbasiyawa an fassara littattafan malaman Girka na dā, Aristo da Jalinus da Batlimus da Uƙlidis, zuwa Larabci, malamai suka yi musu sharhi, suka gyara, suka ƙara nasu. Da birnin Toledo na Andalus ya koma hannun Kiristoci a 1085, ɗakunan littattafansa suka zama mahaɗar masu fassara daga Larabci zuwa Latin. Gerard na Cremona, wanda ya rasu a 1187, ya je can ne neman babban littafin Batlimus na ilimin taurari, ya zauna har ƙarshen rayuwarsa, ya fassara littattafai da dama, ciki har da Al-Ƙanun na Ibn Sina. Jami'o'in Turai sun ci gaba da koyar da likitanci da wannan littafi har cikin ƙarni na 17. Ibn Rushd kuwa, idan malaman Faris suka ce "mai sharhi" ba tare da ambaton suna ba, shi suke nufi. Leonardo na Pisa, wanda aka fi sani da Fibonacci, a Bijaya ta Aljeriya ya koyi lissafi da alƙaluman da muke amfani da su yau, ya rubuta littafinsa a 1202, 'yan kasuwar Italiya suka rungume shi.

Sai dai ka lura da shekarun. Shigar wannan ilimi Turai ta faru ne a ƙarni na 12 da na 13, kafin zamanin da kake tambaya a kai. Ka kuma lura da fannonin: falsafa, mantiƙi, likitanci, lissafi, taurari. Masu fassarar Bagadaza ba su mai da hankali ga waƙoƙin Girkawa da wasanninsu da littattafan tarihinsu ba, adabin Latin kuwa kusan ba su taɓa shi ba. To wannan ɓangaren da aka bari shi ne Petrarca da mabiyansa suka fita nema. Shi Petrarca ma bai ɓoye ƙinsa ga likitocin da ke dogaro da littattafan Larabawa da mabiya Ibn Rushd ba, kuma a nan son zuciya ya rinjaye shi, domin abin da yake rainawa shi ne ginshiƙin karatun jami'o'in ƙasarsa.

A 1345, a ɗakin littattafan babbar majami'ar Verona, Petrarca ya ci karo da tarin wasiƙun da Sisero, shahararren marubucin Rum ta dā, ya rubuta wa amininsa Atticus. Kafin nan an san Sisero a matsayin gwanin balaga mai wa'azin hikima. A cikin wasiƙun sai ga shi ɗan siyasa mai fargaba, mai canza ra'ayi, mai kuka da abokan hamayya. Abin ya girgiza Petrarca har ya zauna ya rubuta wa Sisero wasiƙar tuhuma, mutumin da ya mutu fiye da shekara dubu da ɗari uku kafin nan. Wannan shi ne sabon abin. Mutanen dā suka tashi daga zama sunaye da ake kafa hujja da su, suka koma mutane da suka rayu a wani zamani dabam, wanda sai ka san harshensa da al'adunsa kafin ka fahimce su.

Daga nan tsarin karatu ya fito mai fannoni biyar: nahawu, balaga, waƙa, tarihi da falsafar kyawawan ɗabi'u. Masu koyar da shi su ake kira humanist. Yau wasu na jin kalmar su ɗauka ana nufin marasa addini, alhali galibinsu Kiristoci ne masu ibada, da yawansu ma sakatarorin Paparoma ne. Manufarsu ita ce samar da mutumin da zai iya rubuta wasiƙar hukuma, ya yi jawabi gaban majalisa, ya je jakadanci, ya san abin da ya faru da waɗanda suka riƙe mulki kafin shi.

Ɗaya daga cikin sakatarorin nan, Poggio Bracciolini, ya bi Paparoma zuwa babban taron Coci da aka yi a Constance daga 1414 zuwa 1418. Da ubangidansa ya rasa kujera, Poggio ya sami sarari, ya shiga bin gidajen sufaye na ƙasashen Jamusawa yana bincike. A 1416, a gidan ibada na St Gallen, ya tarar da cikakken littafin Quintilian na koyar da balaga, wanda a Italiya guntunsa kawai ake da shi. Ya bayyana cewa a gindin wata hasumiya mai duhu ya same shi, cikin ƙura da datti, ya zauna ya kwafe shi da hannunsa. A shekara mai bi ya samo doguwar waƙar Lucretius kan yanayin halitta, wadda ke cewa komai an gina shi ne daga ƙwayoyi ƙanana da ba sa rabuwa. Yana aika kwafi Fulorans wurin abokinsa Niccolò Niccoli, daga can wasu su sake kwafa, littafin ya bazu.

Yanzu ga batun 1453. Koyon Girkanci a Italiya ya riga faɗuwar Kustantiniyya da fiye da shekara hamsin. Coluccio Salutati, babban magatakardan Fulorans, shi ya sa aka gayyato Manuel Chrysoloras daga Kustantiniyya, ya fara koyarwa a 1397. Shekara uku kacal ya yi a birnin, amma ɗalibansa, irin su Leonardo Bruni, su suka fara fassara kai tsaye daga Girkanci zuwa Latin mai daɗin karantawa. A 1439 kuma aka yi taron neman haɗa Cocin gabas da na yamma a Fulorans, sarkin Kustantiniyya ya zo da ayarin malamai, cikinsu har da dattijo Plethon wanda laccocinsa kan Aflatun, masanin falsafar Girka malamin Aristo, suka ɗauki hankalin manyan gari. Abin da nasarar Sultan Muhammad na Biyu, wanda ya ci Kustantiniyya a 1453, ta yi shi ne ƙara yawan malamai da littattafai masu kwararowa ta hanyar da tuni aka buɗe. Kadinal Bessarion, Bagirke da ya zauna a Italiya, ya tattara abin da ya iya cetowa, ya ba birnin Benis kyautar littattafan hannu fiye da 700 a 1468. Marsilio Ficino ya fassara dukan rubuce-rubucen Aflatun, aka buga a 1484, karo na farko da mai karanta Latin ya same su a cike.

Idan kana son ganin ƙarfin wannan sabon karatu, dubi abin da Lorenzo Valla ya yi a 1440. Akwai wata takarda da aka daɗe ana kafa hujja da ita, wadda ke cewa sarki Constantine a ƙarni na 4 ya miƙa wa Paparoma mulkin birnin Rum da dukan yammacin daularsa. Valla ya bi ta kalma bayan kalma. Ya nuna cewa tana kiran manyan jami'an Rum da laƙabin gwamnonin Farisa, wanda Rumawa ba su taɓa kiran nasu da shi ba. Ya nuna tana ambaton Kustantiniyya a matsayin ɗaya daga manyan kujerun addini a lokacin da, bisa lissafin takardar kanta, ba a ma kafa birnin ba. Latin ɗinta kuma na ƙarnonin baya ne, cike da kurakuran da magatakardan fadar sarki ba zai yi ba. Hukuncinsa shi ne ƙirƙirarriya ce, kuma bincike na baya ya tabbatar da cewa a wajen ƙarni na 8 aka rubuta ta. Duk wanda ya zauna gaban malamin hadisi ya ga yadda ake gane maudu'i ta hanyar raunin lafazi da ambaton abin da bai wanzu ba a zamanin da ake danganta shi, zai gane irin aikin nan take. Gaskiya ne a lokacin Valla yana hidima ne ga sarki Alfonso na Naples, wanda ke rigima da Paparoma, don haka ba a rasa siyasa a ciki ba. Amma hujjojinsa ba su dogara da ubangidansa ba, kowa na iya ɗaukar takardar ya duba da kansa. Daga baya ma fadar Paparoma ta ɗauke shi aiki.

Dalilin da ya sa Italiya ce, kuɗi ne da yanayin mulki. Ƙasar ba ta da sarki ɗaya. Birane ne masu cin gashin kansu, Fulorans da Benis da Milan da Genoa da sauransu, kowanne na gasa da maƙwabcinsa a yaƙi da kasuwanci da gine-gine. Jiragen Benis da Genoa na zirga-zirga zuwa Iskandariyya da Sham, Fulorans na saƙa ulu tana sayarwa ko'ina, ta kuma fara buga kuɗinta na zinare a 1252. Wani ɓangare na zinaren da ke yawo a kasuwannin Bahar Rum a lokacin daga yammacin Afirka yake ƙetaro Sahara. Ɗan kasuwa na buƙatar karatu da rubutu da lissafi, don haka makarantu suka yawaita a hannun mutanen gari ba malaman coci kaɗai ba. Ga kuma kangayen Rum ta dā a gaban idonsu kullum, suna kallonsu a matsayin gadon kakanninsu. Annobar 1348 ta kashe ɗimbin jama'a, amma dukiyar da ta rage ta taru a hannu kaɗan.

Gidan Medici su ne misalin da aka fi sani. Sun kafa bankinsu a 1397, suka zama ma'ajin kuɗin Paparoma. Coci ta haramta karɓar kuɗin ruwa, kuma wanda ya rubuta tarihin Cosimo de' Medici ya ce lamirinsa na damunsa kan yadda ya tara wani ɓangare na dukiyarsa. Cosimo ya sake gina gidan ibada na San Marco, ya zuba littattafan Niccoli a ɗakin karatunsa, aka buɗe shi ga masu neman ilimi a 1444. Taƙawa da neman suna da siyasa duk sun haɗu a wannan kyauta, kuma ban ga dalilin musanta ɗaya don tabbatar da ɗaya ba. Ƙungiyoyin sana'a ma sun yi nasu. Ƙungiyar masu cinikin yadi ce ta shirya gasar 1401 ta ƙera ƙofofin tagulla na ɗakin baftisma na Fulorans, wadda Lorenzo Ghiberti ya lashe.

Wanda bai samu aikin ba a gasar, Filippo Brunelleschi, maƙerin zinare ne. Ya juya ga gini, ya yi nazarin kangayen Rum, daga baya ya karɓi aikin da ya gagari kowa: rufe babbar majami'ar Fulorans da ƙubba mai faɗin kusan mita 45. Babu katakon da zai isa a kafa mata madogari daga ƙasa. Ya yi ta ɓawo biyu, ciki da waje, ya jera tubalin a karkace yadda kowane zagaye ke riƙe kansa kafin a ɗora na gaba, ya kuma ƙera injin ɗaga kaya da shanu ke juyawa. An fara a 1420, aka gama a 1436. Wannan ba kwafin ginin Rumawa ba ne, sabuwar dabara ce.

Shi ne kuma ya yi gwajin da ya sauya zane. Ya tsaya a ƙofar majami'ar ya zana ɗakin baftisma da ke fuskantarsa a kan ƙaramin allo, bisa ƙa'idar cewa duk layukan da ke nisa da mai kallo suna haɗuwa a ɗigo ɗaya. Ya huda allon a daidai ɗigon. Mai kallo zai sa ido a ramin ta bayan allon, ya riƙe madubi a gabansa, ya ga zanen a ciki. Idan ya janye madubin sai ya ga ainihin ginin, girma da kusurwa duk sun yi daidai. Wajen sararin sama ya shafa azurfa gogaggiya domin gajimaren gaske su bayyana a ciki. Wajen 1427 Masaccio ya yi amfani da wannan ƙa'ida a bangon majami'ar Santa Maria Novella, har mai kallo ke ganin kamar an fafe bangon an yi ɗaki a ciki. Leon Battista Alberti ya rubuta ƙa'idar a littafi a 1435. A nan hanyar Larabci ta sake ɓullowa, domin ilimin gani da masu zanen suka gada ya ginu ne a kan Kitabul Manazir na Ibn al-Haitham, wanda aka fassara zuwa Latin sannan zuwa Italiyanci, kuma Ghiberti ya kwaso dogayen sassa daga cikinsa a nasa rubutun. Ibn al-Haitham bayanin yadda ido ke gani ya yi. Mai da shi dabarar zane aikin mutanen Fulorans ne.

Manyan sunayen da kowa ya sani sun zo ne bayan an share musu fage. Leonardo da Vinci ya zana jibin ƙarshe na Annabi Isa da almajiransa a Milan a ƙarshen shekarun 1490, Michelangelo ya sassaƙa gunkin Dauda daga 1501 zuwa 1504 ya kuma zana rufin ɗakin ibada na Sistine daga 1508 zuwa 1512. A daidai lokacin Raphael ya zana taron masana falsafa na dā a fadar Paparoma, Aflatun da Aristo a tsakiya, kuma a gefen hagu ya sa Ibn Rushd da rawaninsa yana leƙen littafi.

Da a ce da alƙalami kaɗai aka dogara, da abin bai wuce manyan gidaje ba. Wani dillalin littattafai ya ba da labarin cewa ya ɗauki marubuta 45 suka kwafa wa Cosimo littattafai 200 cikin wata 22, kuma a lokacin wannan bajinta ce. Takarda, wadda ta taso daga Sin ta ratsa Samarƙand da Bagadaza da Andalus, ta riga ta samu masana'antu a garin Fabriano tun ƙarni na 13, ta fi fata araha nesa ba kusa ba. Wajen 1455 Gutenberg ya buga Baibul a Mainz, cikin shekara goma injin ya iso Italiya, Benis ta zama cibiyar ɗab'i ta Turai. A can Aldus Manutius ya buga Aristo da Girkanci daga 1495 zuwa 1498, daga 1501 kuma ya fara fitar da ƙananan littattafai da mutum zai iya riƙewa a tafiya. Amfanin ɗab'i ya wuce yawa: malami a Faris da wani a Padua suka zama suna duba shafi ɗaya mai kuskure ɗaya, idan an gyara an gyara wa kowa.

Da hanyar ta ƙetara arewa, sai aka ɗora ta a kan littafin addini. Erasmus ya buga Sabon Alkawari da Girkanci a Basel a 1516, tare da bayanin wuraren da fassarar Latin ta kauce, kuma aikin Valla ne ya zaburar da shi. Shekara ɗaya bayan nan Martin Luther ya fara jayayyarsa da Coci, kuma da bugun Erasmus ya yi fassararsa ta Jamusanci. A kimiyya kuma komawa ga asali ta kai mutane ga gano kuskuren asalin. Andreas Vesalius, malami a Padua, ya san Jalinus ciki da bai, amma da ya riƙa feɗe gawa da hannunsa ya gane cewa jikin dabbobi Jalinus ya siffanta. Muƙamuƙin ƙasa na ɗan Adam ƙashi ɗaya ne, ba biyu ba. Littafinsa ya fito a 1543, shekarar da na masanin taurari Copernicus ya fito, wanda shi ma a Bologna da Padua ya yi karatu, kuma yana ambaton ma'aunan Al-Battani, masanin taurari Balarabe, a cikinsa.

Kada kyan zane ya rufe maka ido ga sauran. Wannan harka ta 'yan tsiraru ce a birane, talakan ƙauye bai san ana yi ba. Mata kaɗan ne suka samu shiga, irin su Isotta Nogarola, kuma sun sha suka. A gidajen attajiran Fulorans akwai bayi. Daga 1494 sojojin Faransa da na Sifen suka mai da Italiya fagen fama, har aka washe birnin Rum a 1527. A Fulorans kanta mabiyan mai wa'azi Savonarola sun ƙone zane-zane da littattafai a 1497, a shekara mai bi aka rataye shi aka ƙone gawarsa a dandalin. Kuma a ƙarshen wannan ƙarni da ake tono littattafai a Italiya, an tara littattafan Larabci a Garnaɗa an cinna musu wuta.

Ƙasarmu ma ta shiga littattafan zamanin, ta hannun Al-Hasan al-Wazzan, haifaffen Garnaɗa da ya tashi a Fas. 'Yan fashin teku sun kama shi a 1518 suka miƙa shi ga Paparoma Leo na Goma, ɗan gidan Medici, wanda ya yi masa baftisma a 1520 ya sa masa sunansa, shi ya sa Turawa ke ce masa Leo Africanus. A Italiya ya koyar da Larabci, ya yi aiki a kan ƙamus na Larabci da Ibrananci da Latin, ya kuma kammala bayaninsa na Afirka a 1526. An buga shi a Benis a 1550, aka fassara shi zuwa Faransanci da Latin da Ingilishi. A ciki ya yi maganar Timbuktu da cinikin littattafanta, ya kuma kawo Gobir da Kano da Katsina da Zazzau da Zamfara, yana siffanta Kano da birni mai ganuwa, mai 'yan kasuwa da masu sana'a. Har zuwa lokacin da matafiyan Turai suka iso da ƙafarsu a ƙarni na 19, yawancin abin da masu zana taswira a can suka sani game da waɗannan garuruwa daga littafinsa suka samo shi.